Kada Umma Ta Gani

Ƙanƙarar ta kusa narkewa a hannun Maman Biyu, ita kuwa Anti ta kasa zama wuri ɗaya.

"Ke, don Allah ki tsaya! Sai mutsu-mutsu kike yi kamar wadda cinnaka ya shiga wa zane," in ji Maman Biyu, ta sake danna ƙullin ƙanƙarar a ƙarƙashin idon Anti na hagu. "In fatar nan ba ta yi sanyi ba, ko hodar ƙasar waje na shafa miki, kafin ki kai bakin titi ta bi gumi."

Anti ta cije leɓe. Malamar makarantar yara ce, su suka laƙaba mata sunan har ya biyo ta gida. Ba ta cika kwalliya ba, kwalli da man leɓe sun ishe ta. Amma yau dole ce ta sa ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta ƙofa tun da sassafe. Jiya da yamma ta je gidan mahaifiyarsu ɗebo kayan sawa, ta tarar da ƙaninta Auta da wani mai baro suna fitar da firij. Ta riƙe ƙofar firij ɗin ta ce ba inda za a kai shi. Auta, idanunsa jajur saboda ƙwayoyin da yake sha, ya kifa mata bayan hannu, agogonsa ya same ta a kunci. Yaron da ta goya a bayanta! Kumburin ya faɗa, amma wurin ya yi baƙi ƙirin, ga ta fara, ko daga nesa ana gani.

Umma kuwa tana kwance a asibiti da ciwon zuciya, kuma likita ya ja musu kunne: kada wanda ya kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali. Anti ce mai jinyar rana, ƙanwar Umma ta karɓe ta da yamma. In Anti ta ƙi zuwa, Umma za ta yi ta tambaya har jininta ya hau. In ta je da fuskar nan, shi ke nan. Saboda haka hodar da za a shafa mata yanzu sai ta kai yamma, a garin da hadari ya haɗu tun shekaranjiya ya ƙi zuba, iska ta tsaya cak, riga tana manne wa mutum a baya.

Maman Biyu ta yi aiki a shagon kwalliya kafin tagwaye su zaunar da ita a gida. Abin da ya rage mata daga wancan zamani duk yana cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Ta buɗe shi da alfahari kamar mai buɗe akwatin zinariya.

"Masu kuɗi suna da abin feshi da ke riƙe musu fuska har dare. Mu talakawa dabara ce jarinmu." Ta ɗiga farin maganin ciki a auduga ta bi goshi da hancin Anti da shi. "Wannan yana shanye maiƙo. Kada ki saba da shi dai, yana busar da fata."

Daga nan ta lakato jan baki da ɗan yatsa ta dangwala a kan tabon.

"Jan baki kuma? A kumatu?"

"Ja ne ke kashe baƙi. Ke dai ki yi shiru, nan ba aji ba ne."

Ta yanka wata robar fandeshin, wato hodar ruwa, da ta ƙare, ta kankaro ɗan abin da ya maƙale a ciki, ta bi kan jan da shi a hankali, siriri-siriri, tana jira ya sha iska kafin ta ƙara. A ƙarshe ta zazzaga hodar tagwayenta a tafin hannu, ta danna da soso, ta bari ta zauna, sannan ta kaɗe da burushi. Da Anti ta duba madubi sai ta ga wata mata mai santsin fuska tana kallonta, babu alamar an taɓa ta. Hawaye ya kawo mata.

"A'a! Kul!" Maman Biyu ta ɗaga yatsa. "Ba kuka, ba shayi mai zafi, ba saurin tafiya. In gumi ya fito, ki raba tishu biyu ki danna, kada ki goge. Kuma ko za ki mutu kada ki ƙara hoda a kan gumi. Kin ji ni?"

"Na ji. Allah ya raya miki yaran nan."

"Amin. Shi Injiniya me ya ce?"

Injiniya mijin Anti ne, mai gyaran fanka a kasuwa, kodayake fankar ɗakinsu ta fi kowace fanka a unguwar rashin lafiya. Da ya ga fuskarta jiya, takalmi ya saka zai tafi wurin Auta. Sai da ta tare ƙofa tana roƙonsa ya bari Umma ta warke tukuna. Ya cire takalmin, amma ko abinci bai ci ba.

"Ya ce zai biyo asibitin in ya tashi daga aiki," in ji Anti, ta ja mayafi ta fita.

Ta so ta samu kujerar taga a bas, amma ina! Tsakiya aka cusa ta, tsakanin wani mai ƙaton buhu da wata mata mai goyo. Ba su yi nisa ba cunkoso ya riƙe su. Direba ya kashe mota don kada mai ya ƙone a banza, nan take bas ɗin ta zama tukunya. Anti ta ji gumi ya tsatso daga cikin gashinta, ya gangaro ta bayan kunne yana neman hanya. Ta zaro tishu ta danna. Ta duba shi: fari, da ɗan ja-ja kaɗan. Ta sake dannawa. Ta ciro waya ta kalli fuskarta, ta mayar, ba a jima ba ta sake cirowa. Jaririn da ke kusa da ita ya miƙo hannu mai yawu zai cafki kuncinta, ta kauce da sauri har ta buge mai buhu.

"Haba baiwar Allah, yaro ne fa, ba kunama ba," in ji uwar.

Anti ta ba da haƙuri. A ranta kuwa lissafi take yi: in ta sauka ta taka da ƙafa, gumi, in ta zauna, gumi. Ta yage bangon wani littafin ɗalibai da ke jakarta ta shiga fifita da shi har hannunta ya gaji.

A ƙofar asibiti ta tsaya jikin wata mota ta leƙa madubinta. Alhamdu lillahi, aikin Maman Biyu yana nan. Ta gyara mayafi ya ɗan sauko ta hagu, ta hau bene a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Gadon Umma yana can ƙarshen ɗaki, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ta rame, amma idanunta suna nan da kaifinsu. Ba ta kiran sunan Anti, 'yar fari ce, sai dai ta ce "Yayarsu".

"Yayarsu, yau kuma biki za ki daga nan? Irin wannan kwalliya!"

"Maman Biyu ce ta matsa sai ta gwada hannunta a kaina, wai kada ta manta sana'a."

"Ai kuwa ta yi ƙoƙari. Da haka kike yi kullum, da mijinki ya daina kwana a kan fankokin mutane." Umma ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Kin ga Autana jiya? Yana cin abinci kuwa?"

"Lafiyarsa lau."

"Yaron nan tausayi ne ya yi masa yawa, shi ya sa ba ya iya zuwa ya gan ni a kwance."

Anti ta ajiye jakarta. Ta ɗauki kujera ta zagaya ɗaya gefen gadon, yadda kuncinta na dama ne kawai zai fuskanci Umma.

Amma jinya ba aikin zama ba ce. Ta goge wa Umma jiki da ruwan ɗumi, tururin yana bugun fuskarta. Nas ta miƙo mata takardar magani, ta sauka ƙasa ta bi layi a rana, aka ce babu, ta tsallaka titi ta sayo, ta sake hawa bene. Tishunta ya ƙare. Da rana ta take, ta shiga banɗaki ta haska fuskarta da waya, gabanta ya faɗi. Hodar ta tsage a ƙarƙashin ido, wani abu mai duhu yana leƙowa ta tsagar. Ta san abin da aka ce mata. Ta san shi sarai. Amma tsoro ba ya jin wa'azi: ta zazzago hodar jariran da Maman Biyu ta ƙulla mata a leda, ta lafta a kan gumin. Wurin ya cure ya zama kamar ƙullu. Ta sa yatsa za ta baje shi, jan bakin ya taso.

Ta kira Maman Biyu, waya tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta tsaya tana jujjuyawa a ɗan banɗakin, ta fifita, ta danna da gefen mayafi, ta sake dubawa. Wata mai jinya ta buga ƙofa. Dole ta fito, ta ja mayafin har ya rufe rabin idonta.

"Ba kya jin zafi ne? Kin naɗe kamar mai zazzaɓi," in ji Umma.

"Kaina ne ke ɗan sarawa."

"To zo ki ɗaga ni, bayana ya gaji."

Babu yadda za ta yi. Ta sunkuya, Umma ta saƙalo hannu a wuyanta, fuskarsu ta haɗu. Da ta jingina ta da filo ta ɗago, sai ga kafaɗar farar rigar asibitin ta yi dabbare-dabbare da ruwan ƙasa da ja. Mayafin kuma ya zame.

Umma ta dubi kafaɗarta, ta dubi 'yarta. Ta daɗe tana kallo.

"Matso nan."

"Umma, ƙofar kabad ce na..."

"Na ce matso." Ta sa babban yatsa ta share wurin a hankali, hodar ta biyo yatsan. Numfashinta ya fara sauri. "Ni za ki yi wa wayo da hoda? Ni na haife ki fa. Wannan hannun namiji ne."

Na'urar auna bugun zuciya da ke gefen gado ta ƙara saurin ƙara. Anti ta riƙe hannunta tana cewa, "Don Allah ki kwantar da hankalinki," amma bakinta ya kasa haɗa wata ƙaryar.

Daidai nan Injiniya ya yi sallama, da kular abinci a hannu ɗaya, da wata 'yar fanka mai caji a ɗayan, wadda ya haɗa da kansa don Umma. Ya durƙusa zai gaishe ta. Umma ta kau da kai.

"Ashe haka kake? Ina ganinka shiru-shiru, ina cewa na samu ɗa. Na ba ka amana, ka jira na kwanta ka ɗaga mata hannu?"

Injiniya ya ɗago ya dubi matarsa. Ya ga kuncin a buɗe, ya ga idanunta suna roƙonsa abin da ita kanta ba ta san sunansa ba. Ya dubi na'urar. Sai ya ajiye fankar a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Umma. Kuskure ne. Ba zan sake ba."

Kunya ta kama Anti, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mata ba, ga shi durƙushe a gaban masu jinya, matan gadajen kusa sun miƙo wuya suna kallonsa da ƙyama. Wata har da tsaki. Amma ga na'urar ta fara lafawa. Umma ta samu wanda za ta ɗora wa laifi, kuma zuciyarta za ta iya ɗaukar wannan. In aka bar maganar a haka, za a kwana lafiya.

"Haƙuri na Allah ne," in ji Umma, tana mayar da numfashi. "Amma ba za ta koma gidanka ba sai na tashi. Yayarsu, ɗauko wayata ki kira min Auta. Ya zo ya tafi da ke gida, ki zauna a wurinsa. Ai kina da ɗan'uwa namiji, ba daga sama kika faɗo ba. Shi zai kula min da ke."

Anti ta ɗauko wayar daga ƙarƙashin filo. Ta riƙe ta, ba ta danna komai ba. Gumi yana gangarowa ta kan tabon yana yi mata zafi, ba ta kai hannu ba. Injiniya yana girgiza mata kai a hankali, alamar ta bari.

Ta mayar da wayar inda ta ɗauko ta. Ta jawo kujerar ta dawo da ita gefen da tabon zai fuskanci Umma, ta zauna dab da gadon, ta kama hannun Umma da hannu biyu.

"Injiniya, tashi," ta ce. "Je ka kira mana nas ta tsaya kusa. Akwai maganar da zan faɗa wa Umma."