Zagayen da Noreen Ta Yanke

Ranar Alhamis da hantsi Noreen Tromans ta ji mijinta yana kokawa da bindigarsa a bayan gida. Ba ta leƙa ba. Ta tsaya gaban tukunyar shayi tana sauraron nishin nan nasa mai fita ta hanci, sai shiru, sai ƙarar bututun ƙarfe yana komawa mazauninsa bai ɗanu ba. Ya sake gwadawa. Ya kuma sakewa.

Bindigar iska ce, irin wadda ake karya bututunta a janyo shi ƙasa har sifirin ɗin ciki, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke ba ta ƙarfi, ya matsu, kunama ta riƙe shi. Tun kafin aurensu Clive yake da ita. A da yana hira yana ɗana ta, ko kallonta ba ya yi. Amma tun bara da kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo, bututun kan sauko rabin hanya ya tsaya, kamar wani ne ya riƙe shi.

Ya shigo kicin yana haki, ya jingine ta a jikin firji.

"Ta ƙi?" in ji Noreen.

"Wa ya ce ta ƙi? Sanyi ne. Giris ɗin da kika sa mata ne ya daskare."

"Giris ɗina bai taɓa daskarewa ba, tsoho. Kafaɗarka ce ta daskare." Ta tura masa kofi. "Bari in rage mata sifirin."

"Taɓa min sifirin ki gani."

"Giwa kake harbi? Faranti ne fa a bango, daga nan zuwa ƙofar can."

"Len Priest na ƙungiyarmu ya rage nasa. Kin ji ƙarar bindigarsa yanzu? Sai ka ce kyanwa ta yi atishawa."

"Ai har yau Len yana harbi."

"Len ba harbi yake ba, tofa wa faranti yawu yake."

Ya ɗauki kofin da hannun hagu ya wuce falo. Ba a jima ba ta ji kujerarsa ta karɓe shi.

A mashayar bakin gada, nan garinsu Tipton a Ingila, akwai ɗakin baya inda ake harbin ƙararrawa duk Lahadi da rana. Farantin ƙarfe ne a bango, an shafe shi da farin fenti mara bushewa, da 'yar huda a tsakiya. In ƙwayar darma ta bi ta hudar, ƙararrawa ta buga, maki biyar ke nan. In ta kauce, a duba tabon da ta bari a fenti a faɗi maki. Dokar gasar kuwa tsohuwa ce, ba ta da tausayi: mai harbi shi zai ɗana bindigarsa da hannunsa. Lahadin da ta wuce Clive ya matse ƙotar tsakanin gwiwoyinsa, fuskarsa ta yi jawur kafin ta ɗanu. Shugaban ƙungiyarsu ta maharba, Des Raybould, ya ja shi gefe ya ce, "Mutumina, ba ni na rubuta dokar ba. In ba ta ɗanu a hannunka ba mako mai zuwa, dole in sa wani."

Abin da Des bai sani ba, Noreen ta sani. Tun da aka rufe maƙerar da Clive ya tsufa a cikinta, kwanakinsa a kujerar nan suke ƙarewa, gaban talabijin da aka kashe wa murya. Ranar Lahadi kaɗai yake aske gemu ba a roƙe shi ba. Ranar kaɗai yake goge riga, yana fito a banɗaki, yana kiranta "'yan mata". Sauran kwanakin kuwa da wani mutum take zaune mai kama da mijinta. In aka karɓe masa Lahadi, ba ta san wanda zai rage mata a gidan ba.

Da safiyar Juma'a ya hau bas zuwa asibiti, inda ake miƙar masa da kafaɗar. Ta jira har ƙofar shinge ta rufu. Sannan ta shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin cin abinci, ta ɗauko bindigar.

Noreen ta yi ƙuruciyarta a masana'antar sifirin a West Bromwich, ta yi girmanta a can, kuma bindigogin ƙungiyar duk ta teburin nan suke bi. Mazan su kawo su a naɗe cikin bargo, da tumatir ko ƙwai daga lambu, su tsaya a bakin ƙofa suna faɗa mata yadda za ta yi. Ta gaji da su. Ta gaji da baƙin giris da ba ya fita daga ƙarƙashin farce, da warin ƙarfe a kicin ɗin da take dafa abinci. Yatsunta ma sun soma kumburi a gaɓoɓi. Amma hannuwanta sun san hanyarsu, ba sa shawara da ita.

Ta kwance kusoshin ƙota, ta raba itace da ƙarfe. Ta ɗora jikin bindigar a matsin katako da Clive ya ƙera mata da can, ta ɗaure, ta zare fil ɗin baya, ta riƙa sassauta matsin a hankali, don sifirin da ke tsare yana iya fitowa ya karya wa mutum haƙora. Ya fito yana miƙa, dogo, baƙi. Ta zaro fistin mai tura iska, ta duba robar bakinsa a hasken taga: ta cinye a gefe ɗaya. Ta wanke cikin bututun iskar tas da tsumma a kan sanda, har tsumman ya fito fari.

Sai ta zauna da sifirin a hannu.

Komai na bindiga ana kwancewa a mayar. Wannan kaɗai in an yanke an yanke. Ta tuna ranar da ta fara ganinsa a ɗakin bayan nan, saurayi mai gashi kamar na doki, ya buga ƙararrawa ya waiwayo yana neman wanda ya gani, idonsa ya faɗa kanta. Ta tuna yadda ya koya mata riƙo, yana tsaye a bayanta, numfashinsa a kunnenta. Ya ce irin wannan bindiga ba a damƙe ta, a ɗora ta kawai a tafin hannu a bar ta ta yi zillonta, don tana motsi tun kafin darma ta bar baki. Ranar ba ta ji rabin abin da ya faɗa ba.

Hawaye ya ɗiga a tawul. Ta goge ido da bayan hannu, ta bar baƙin giris a kumatu, ta ɗauki zarto.

Zagaye kaɗan ta yanke. Ta kunna murhun gas, ta riƙe bakin da ta yanke a wuta har ya yi ja, ta danne shi ya kwanta. Ta goge shi da magagari, sannan da takardar yashi, har ya yi sumul yana ƙyalli. Ta sa sabuwar roba a fistin. Ta shafa giris siriri, iyakar abin da yatsa ya ɗauka, ba ta bari ko ɗigo ya je gaban robar ba, don maiƙo a can kamawa yake da wuta in iska ta matsu. Ta mayar da komai. A bayan gida ta karya bututun, ya biyo hannunta ba gardama. Ta sa darma, ta harba cikin kwalin tsummoki. Tsohon kukan nan mai kaɗawa har cikin haƙori babu shi. Wani ɗan tari ne kawai, gajere, mai tsabta.

Aikin ya yi kyau. Bai faranta mata rai ba ko kaɗan.

Clive bai taɓa bindigar ba ranar Asabar. Ya wuce ta gabanta sau da yawa yana kau da kai.

Ranar Lahadi ɗakin baya ya cika. Baƙin 'yan gasa sun zo daga garin Cradley Heath, an jera burodi da cuku da albasa a faranti, tagogi sun yi gumi. Noreen ta zauna kusa da hitar ɗumama ɗaki da jakarta a cinya.

"Ga likitarmu," in ji Len Priest. "Noreen, tawa tana jan hagu."

"Kai kake jan hagu, Len. Rage giya."

Aka kwashe da dariya. Des ya kira suna. Da aka zo kan Clive, ɗakin ya ɗan lafa, don kowa ya ga abin da ya faru makon jiya. Ya tsaya a layi da rigarsa mai karin guga. Ya dafe ƙota a cinya, ya cika ƙirji, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya fizgi bututun.

Bututun ya sauko da sauƙin da ya kusa kayar da shi. Kunama ta kama, ƙas.

Ya tsaya haka, bindiga a karye a hannunsa. Bai dubi Des ba, bai dubi faranti ba. Ya juyo a hankali har idonsa ya sami matarsa. Noreen ba ta sunkuyar da kai ba.

"Yau za ka yi ko gobe, baba?" wani daga cikin baƙin ya ce.

Ya sa darma, ya rufe, ya ɗaga. Bindigar ta yi ɗan tarinta.

Mai duba faranti, wata doguwar mata daga ƙungiyar baƙi da ake kira Glenys, ta leƙa da buroshi a hannu. "Uku. Ƙasa, ta hagu." Ta shafe tabon.

Ya sake ɗanawa, ya sake harbi.

"Uku. Nan dai wurin."

Noreen ta gane tun kafin na ukun. Tsohuwar bindigar zillo take yi sama ta dama, kuma tsawon rayuwarsa Clive yana auna ƙasa ta hagu don ya tare ta a hanya. Ba da saninsa yake yi ba. Abin ya zauna a wuyansa, a gwiwar hannunsa, a yadda yake sakin numfashi. Yanzu bindigar ta daina zillon, shi bai daina jiran sa ba.

"Uku," in ji Glenys. "Kai baba, akwai wanda ka binne a wurin nan ne?"

"Bar shi, yana huda tasa ƙofar," Len ya amsa.

Wuyan Clive ya yi ja. Ya sauke bindigar, ya tsaya yana kallon ƙasa. Noreen ta ga ya gane shi ma. Ta ga yana ƙoƙarin ɗaga bakin zuwa tsakiya, jikinsa yana mayar da shi inda ya saba. A harbin ƙarshe ya daɗe yana auna.

"Huɗu," in ji Glenys. "Saura ƙiris."

Ƙararrawa ba ta buga masa ba ranar. Baƙi suka ci wasan.

Ana tattara kaya Des ya zo ya tsaya kusa da shi yana tauna burodi. "Ka yi harbin banza yau, mutumina."

"Na sani."

"Amma da hannunka ka ɗana, kowa ya gani. Doka ba ta ce sai ka iya harbi ba, ai da tuni an kori rabinmu. Lahadi ka zo."

Suka bi gefen ruwa zuwa gida. Yayyafi ya soma. Clive yana gaba da jakar bindiga a kafaɗar hagu, ita tana biye. Sai da suka wuce gada ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Na ce kar ki taɓa."

"Ka ce."

"Ba bindigata ba ce wannan."

"Taka ce. Ita ma tsufa ta yi."

"Kin maishe ni Len Priest a gaban mutanen Cradley."

"Na maishe ka layin harbi, Clive." Muryarta ta karye, ta bar ta a karye. "Ka yi fushi da ni har Kirsimeti in ka so. Na fi son ka yi fushi a tsaye."

Ya ci gaba da tafiya. Can ya rage sauri har ta iso shi. Suka jera, ba wanda ya dubi wani.

"Guntun da kika yanke fa?"

"Yana kwandon shara."

Ya gyaɗa kai. Ruwa yana ɗiga daga bakin hularsa.

"Kafaɗar nan ba za ta gyaru ba," ya ce. "Yarinyar asibitin ta faɗa min ranar Juma'a. Sai dai ciwon ya ƙaru."

Noreen ta sa hannu cikin gwiwar hannunsa mai ciwon, a hankali, bai janye ba.

"In baɗi bindigar ta sake ƙi," ya ce, "akwai sauran abin yankewa?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Amma ita ta riƙe sifirin nan a hannunta, ta san tsawonsa.

"Kaɗan," ta ce. "In na wuce haka, darmar ba za ta iya kaɗa ƙararrawa ba."

"Kaɗan," ya maimaita, kamar yana auna nauyin kalmar. Ya gyara jakar a kafaɗa. "To. Gobe ki kafa min kwalin nan a bayan gida. Sai na koyi wannan baƙuwar da kika kawo min."

"Bayan na huta."

"Bayan kin huta," ya ce.