Harbi Biyu

Alice, maƙwabciyar Isiyaku, ta faɗo gidansa ba sallama, zaninta jiƙe har gwiwa, ba ta ma san inda ta yar da bokitinta ba.

"Baban Zulai, ɓarayin daji sun ƙetaro! Daga rafi na hango su, babura ne, goyon uku-uku. Fadama suka nufa."

Isiyaku ya saki buhun da yake ɗinkewa. Fadama can matarsa Saude take tun hantsi, ita da sauran matan unguwa, suna karyar masara. Mai gudu ba zai riga babur isa can ba. Waya kuwa a wannan yanki na Gwaska ado ce kawai, sai an hau dutse take magana.

Da can wannan ba abin dogon tunani ba ne. Tun da fitinar daji ta fara, mutanen unguwa suka yi wa kansu ƙa'ida da bindigar toka. Harbi ɗaya, wani ne ke korar birai a gona, ba mai ɗaga kai. Harbi biyu a jere, kowa ya jefar da abin hannunsa ya bi ta kwari ya yi gida. Ba a taɓa sace mace a fadama ba saboda wannan.

Sai dai bindigogin babu su. Bayan babbar sallah, yayansa Nababa, shugaban 'yan sa-kai, ya dawo daga wani taro a Birnin Gwari da sabuwar hula da sabon baki. Ya ce an ba da umarni a miƙa makamai, tsaro ya koma sama.

"Wannan ƙarfen da sai ka ɗura, ka danna, ka yi addu'a kada ya fashe a hannunka?" in ji shi a dandali. "Yanzu jirgi ake yi, jama'a. Daga sama yana bambance kaza da zabuwa. Lamba tana hannuna. In na hau dutse na buga, kafin ka gama alwala ya iso."

Isiyaku ne ya fara miƙa tasa, bindigar da mahaifinsu ya bar masa, don kada a ce ƙanin shugaba ne ya ƙi. Har raka Nababa ya yi gida-gida yana taya shi lallashin mutane.

Don haka gidan Nababa ya nufa da gudu. Ya tarar da tsakar gida fayau, ba tukunya a murhu, ba kukan yaro. Nababa na tsugune yana ɗaure katifa da tabarma a bayan babur.

"Yaya, bar wannan, hau dutse! Kira jirgin, suna hanyar fadama!"

Nababa bai ɗago ba. "Na kira tun jiya."

"Jiya?"

"Wani mai kai musu fetur ne ya tsegunta mini. Na buga, aka ce za a duba. Da safe na sake bugawa, ba a ɗauka ba."

Isiyaku ya dubi ɗakunan da ke buɗe. "Ina Muslimat da yara?"

"Na tura su gari da sassafe."

"Ka tura matarka gari. Saude ta bi ta ƙofar nan da kwando a kai, ta durƙusa ta gaishe ka, ka amsa, ka bar ta ta wuce?"

"Ka gane mana, Isiyaku. In na faɗa, gari zai watse, a ce ni na tayar da hankalin jama'a bayan na sa hannu. Na ɗauka jirgin zai zo."

Kamar an kira shi, sai ga rugugi daga gabas. Dukansu suka ɗaga kai. Can ƙololuwa wani abu siriri ya ƙyalla, ya tsaga sama, ya yi arewa abinsa. Kyakkyawa ne, ba a musu. Isiyaku ya bi shi da ido har ƙararsa ta mutu, ya tabbata ba nasu ba ne.

Da ya sauke ido, sai ya faɗa kan tabarmar da ke naɗe. Wani itace ya leƙo ta ƙarshenta, da jar fatar akuya a naɗe a jikinsa. Yana yaro ya riƙe wa Baba zaren da aka ɗinka ta da shi.

Bai tambaya ba, fizgewa ya yi. Nababa ya kama hannunsa.

"Sake ni, Yaya. Ka kai ta kowa, ka ajiye tawa don ta raka ka hanya. Ina albarushin?"

"Yana cikin kayan da Muslimat ta tafi da su. Ɗuri ɗaya ne a ciki."

Ɗuri ɗaya, watau korar birai. Amma ba shi da wani abin da ya fi wannan. Ya fita ƙofar gida, ya ɗaga bakinta sama, ya ja kunama. Ta yi tsawa irin tata ta da, ta doke shi a kafaɗa, tantabaru suka tashi daga kan rumbuna.

Shiru ya biyo baya. A zuciyarsa yana ganin Saude ta ɗan tsaya, ta ce biran nan ba sa jin magana, ta ci gaba da karyar masararta.

Hayaƙi bai gama washewa ba, wata bindigar ta amsa daga ƙetaren rafi, wajen coci. Tsoho Japheth ne, ba wani ba. Shi ne ya rantse tasa ambaliya ta tafi da ita, Nababa ya kira shi mai taurin kai a gaban jama'a, Isiyaku kuma ya taya dariya.

Ya tsaya a bakin kwari yana jira, bindiga ba komai a cikinta. Can matan suka fara ɓullowa, wasu ba takalmi, wasu ba ɗankwali. Saude na cikin na ƙarshe, ƙaya ta yayyaga mata ƙafafu, tana jan wata tsohuwa. A bayansu baƙin hayaƙi ya turnuƙe fadama. Masarar shekara ce take ci.

Ya kai Saude gida, ya ba ta ruwa. Da ya fito, Nababa na tsaye a ƙofa riƙe da babur, bai tafi ba.

"Alhamdulillahi, an tsira," in ji Nababa, murya ƙasa-ƙasa. "To, ba ni ita in tafi. Ka san hanyar nan, ko ganinta suka yi a kafaɗata za su yi shakka."

Isiyaku ya dube shi, ya ga fuskar Baba a fuskarsa, abin ya ƙara masa ciwo.

"Lamba tana hannunka, Yaya. Hau dutse ka kira jirgi ya raka ka."

Ya saɓa bindigar, ya gangara rafi wajen Japheth neman albarushi.