Ƙullin Fibi

Keturah tana layin injin niƙa a Luggere, riƙe da robar gyaɗar kunun Fibi, lokacin da Lilian ta kira ta a waya.

"Adda, ki dawo gida. Fibi ta rasu. Yanzun nan, a hannuna."

Ta bar robar a wurin. Duk hanya ba mutuwar take ji ba, wannan "a hannuna" ɗin take ji.

Fibi ƙanwarta ce. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya kashe mata hannun dama da ƙafa, Keturah ce ke mata wanka, ita ke ɗaga ta zuwa bayi, ita ke wanke zannuwan da suka ɓaci. Abin da take samu shi ne, "Adda, ruwan ya yi zafi," ko "Adda, kina ja na kamar buhu."

Sai Lilian ta shigo, wata 'yar Zumuntar Mata a cocinsu, da leda cike da furannin roba, da wayar ƙarfe, da ribin na ado. Ta koya wa Fibi yin kambin furanni na jana'iza. Lilian ta riƙe zoben wayar, Fibi ta naɗa tsumma a kai da hannun hagu, ta ja ƙullin da haƙori, sannan su jera furanni. Mutane suka fara zuwa saye har daga cikin Yola. Keturah tana tsakar gida tana wanki, tana jin dariyarsu ta taga. Rabon da Fibi ta yi mata irin wannan dariyar tun kafin ciwon.

Sau ɗaya ta shiga ta ce, "Kawo in riƙe miki."

"Ke hannunki na dakan sakwara ne, Adda. Za ki lanƙwasa min waya."

Ba ta ƙara tambaya ba.

Ana gobe jana'iza, Lilian ta fito da kambi daga ɗakin Fibi, fari da shuɗi, ya fi duk waɗanda suka taɓa yi girma.

"Shi ne na ƙarshe da muka gama. Ni zan ajiye mata."

"A matsayin wa?" in ji Keturah. "Nono ɗaya kuka sha?"

"Adda, ni na riƙe mata shi tun daga farko."

"Ni kuma me na riƙe? Kin taɓa ɗaga fo ɗinta?"

Ƙaninsu Apollos ya shiga tsakani. Ya ce baƙi suna ji. Ya ce Lilian ta ajiye, tunda aikinsu ne, amma yankan kambin na dangi ne. A maƙabartarsu, ba a barin kambi lafiya a kan kabari. Idan aka bar shi da kyaunsa, kafin sati wani ya ɗauke, ya goge, ya sayar wa wasu masu makoki. Don haka bayan addu'a sai wani daga dangi ya yayyanka shi.

Washegari, da aka rufe kabarin, Lilian ta durƙusa ta ajiye kambin tana kuka. Mata suka kama ta, suna ba ta haƙuri. Keturah tana tsaye a gefe, babu wanda ya kama ta. Apollos ya miƙa mata almakashi.

"Adda, ke ce babba. Wuri biyu ko uku ya isa."

Ta sunkuya. Ta yanke fure na farko, ta yanke na biyu, ba ta tsaya ba. Ta bi zoben tana datsewa, furanni suna zuba a kan jar ƙasa, har Apollos ya ce, "Ya isa haka mana." Ta ci gaba sai da tsumman da ke ƙasa ya bayyana.

Koren zane ne mai zanen kifi, ya koɗe. Nata ne. Shi take ɗaurawa idan za ta yi wa Fibi wanka, ta neme shi watannin baya ta rasa. An yayyaga shi siriri-siriri, an naɗe zoben da shi kaf, kowane ƙulli da sawun haƙori a jikinsa.

Lilian ta matso, ta yi magana a hankali.

"Ita ta sa na ɗauko daga igiya. Ta ce ya sha wanki, ya fi kowane tsumma laushi a baki. Ta ce kada in gaya miki, za ki yi faɗa."

Keturah ta dube ta. Har wannan ma Lilian ce ta sani.

Ta yanki ƙyalle ɗaya mai ƙulli, ta sa a cikin rigarta, ta mayar wa Apollos almakashinsa.

Lilian ta ci gaba da sana'ar a gidanta. Ta aiko wa Keturah cewa tana neman mai riƙe mata zobe, ta sake aikowa. Keturah ta ce a gaishe ta.

Amma kullum da safe, kafin ta hura wuta, takan zauna a bakin gadon Fibi da guntun tsumma. Ta maƙale hannun dama a bayanta, ta zagaya tsumman a ƙarfen gadon da hagu, ta ja da haƙori. Har yau ƙullin warwarewa yake yi. Akwai yadda Fibi take juya shi kafin ta ja. Lilian ta san yadda ake yi, kuma Keturah ba ta tambaye ta ba.