Meyo a Gonar Nansha

Shekara da shekaru ina zuwa Guangzhou sarin atamfa da mayafai, amma Sinancina bai wuce cikin cokali ba. Na iya gaisuwa, na iya godiya, sai kuma kalmar da na fi tsana a duniya, wato "meyo", babu. Ka sha zufa ka zagaye kasuwar Shahe kana neman kala ɗaya, yarinyar shago ko kallonka ba za ta yi ba, sai meyo.

Wannan zuwan kuwa ba don kaya na zo ba. Autata Zulaiha na zo ɗauka. Tana karatun haɗa magunguna a Tianhe, saura mata shekara guda, sai likita ya ce hanjinta ba ya shiri da alkama ko kaɗan. Ba burodi, ba taliya, har baƙin ruwan waken suyan nan da Sinawa ke zubawa a kowane girki ashe da alkama a ciki. Da na gan ta a filin jirgi ashe yarinya ta koma kamar sillen kara. Mahaifinta, Alhaji Shitu, ya riga ya yanke hukunci daga Kano: digirin da za a karɓa a gadon asibiti ba ya so.

"Umma, ki ba ni ranar Asabar kawai," in ji Zulaiha. "In kin ga ban ci na ƙoshi ba, ni da kaina zan haɗa akwati."

Ta kai ni wata gona can wajen Nansha. A hanya take ta yi mini bayani, wai ba takin zamani, ba feshi, agwagi ke cinye ƙwari. Na ce to, wannan ai noman kakana ne a Bichi, suna kawai aka raɗa masa. Amma da na ga kuɓewa jere reras, ga dankalin Hausa, ga zoɓo ya yi jajir, sai na saduda. Har na tsinki ganyen yakuwa na tauna ba tare da neman izini ba.

Wurin cin abincin rumfar gora ce a bakin kududdufin kifi. Mai girkin, wata dattijuwa mai ɗaurin zani a ƙugu, ta fito. Zulaiha ta yi mata tambaya da Sinanci. Matar ta ce, "Meyo." Ta sake wata tambayar. "Meyo." Ta nuna tukunya, ta nuna kwalba. "Meyo, meyo."

Raina ya ɓaci. Na miƙe na saɓa jaka.

"Tashi mu tafi. Mun yi wannan uwar tafiyar don a ce mana babu? Gobe sai Kano."

Zulaiha ta yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwon.

"Umma, zauna. Cewa na yi akwai alkama a taliyar? Ta ce babu, ta shinkafa ce zalla. Akwai baƙin ruwan nan? Babu. Man alade? Babu. An taɓa soya fulawa a kaskon? Babu."

Na zauna a hankali. Kunya ta ɗan kama ni, amma ba ita ce ta cika mini ƙirji ba. Yarinyar da a gida ko gishiri ba ta iya cewa a ƙara mata, ita ce ta bi matar har madafa, ta ɗauki kwalba tana karanta ƙananan rubutun nan nasu, dattijuwar na gyaɗa kai tana ɗaga mata babban yatsa. Wallahi ji na yi kamar in rangaɗa guɗa.

Aka kawo kifin da aka kamo a gabanmu, an turara shi da citta, ga kuɓewa, ga taliyar shinkafa, ga zoɓo mai sanyi. Ni dai ban san me na ci ba, bakin Zulaiha nake kallo. Ta share kwano, ta nemi ƙari, ta kuma ja ragowar kifina gabanta. Ta ce duk Asabar nan za ta riƙa zuwa, ta sayi cefanen mako ta girka da kanta.

Muna cikin shan zoɓo wayata ta yi ƙara. Alhaji ne.

"Jumai, ya ake ciki? Akwai kujera a jirgin da za ku taho?"

Zulaiha ta ajiye kofi, ta zuba mini ido. Na dubi kwanonin nan biyu da ta sharce tas.

"Alhaji," na ce, "meyo."