Akwatin da Aka Bari a Rumfa

Duk masuntan bakin ruwan suna kiransa Mai Zare, kuma shi ya ja wa kansa. Shekara arba'in yana su, ba a taɓa ganin wani ƙarfe a jirginsa ba tare da zare a wuya ba. Sifana da zarenta, filaya da nata, wuƙa da nata, har usur. Dukkansu suna kwance a wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya, tare da fulogi biyu sababbi, da ƙusoshin farfela, da tocila, da bandeji da aidin a cikin leda. In aka yi masa tsiya sai ya ce, "Ku yi dariyarku. Ni dai ruwa bai taɓa cin sifanata ba."

Da gwiwa ta kayar da shi, 'yarsa Auta ce ta karɓi jirgin. Ba yarinya ba ce, shekararta talatin da ɗaya, kuma tun tana goye take jin warin kifi. Ƙanin mahaifiyarta, wanda kowa ke kira Kawu, shi ke jan raga, ita tana kan inji. Sharaɗi ɗaya uban ya kafa mata: jirgi ba ya fita ba tare da akwatin ba. Kullum da safe yakan dogara sandarsa ya zo ya ga an loda shi da idonsa.

Ran nan gwiwar ta hana shi fita da wuri. Sai bayan azahar ya lallaɓa zuwa rumfar da yake ɗinkin raga. Yana ɗaga wani tsohon buhu domin ya zauna, sai ga akwatin a ƙasa, da kwaɗonsa da komai.

Ya saki buhun, ya juya ya dubi ruwa.

Bakaniken da ke gyaran inji a rumfar gefe ya ɗago kai ya ce, "Ai Kawu ne ya sauke shi, lokacin da Auta ta je sayo mai. Wai ya tare masa wurin kular ƙanƙara. Ya ce kar in faɗa maka."

"Ka kyauta da ka rufa masa asiri," in ji Mai Zare. 

Ya duba gabas, hadari ya fara haɗowa. Jirage suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, ana sauke kifi ana hayaniya, nasa shiru. Ya ɗauki ragar zai ɗinka, ya sake ajiye ta. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko lokacin da shi kansa ke tsakiyar ruwa. Ya san duk abin da kan lalace a can, ya kuma san maganin kowanne yana nan kusa da ƙafarsa a kulle. Ya tsine wa kular ƙanƙara, ya tsine wa gwiwarsa. Kawu kuwa, ya ajiye masa nasa sai ya dawo.

Bakanike ya ce, "Ko a tura jirgi a dubo su?"

"A dubo su ina? Ruwan nan ɗaki ne?"

La'asar ta yi, iska ta fara kaɗa rufin rumfar. Mai Zare ya miƙe da ƙyar ya tafi har inda ruwa ke lasar takalminsa, ya tsaya. Can sai kunnensa ya tsinto ƙarar inji. Ko cikin inji ɗari zai gane nasa, yana da wani ɗan tari idan an sake shi. Jirgin ya ɓullo ta bayan duwatsu yana tafe daidai, Auta a zaune a baya, riƙe da sitiyari kamar ba abin da ya faru. Kawu na gaba, hannunsa naɗe da farin bandeji, ya yi laƙwas.

Tun kafin a ɗaure jirgin Kawu ya fara, "Yaya, ka yi haƙuri, wallahi..."

"Rufe min baki, Kawun yara. Auta, me ya same ku?"

Ta ce, "Wata tsohuwar igiya ce ta naɗe farfela, ƙusa ta karye, Baba. Iska tana ta jan mu wajen duwatsu. Kawu ya je yanke igiyar ya yanke hannu. Na ɗaure masa, na canza ƙusa, muka taho."

Ya dube ta, ya waiwaya ya dubi rumfa. "Da me kika canza? Da haƙori?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ɗaga katakon da take zaune a kai. A ƙarƙashinsa an ɗinka aljihuna da tsohuwar tayar mota, sifana a nata, filaya a nata, kowace da zarenta ɗaure a jikin jirgin. Ƙarƙashin kujerar tsakiya ga bandeji da tocila a cikin roba mai murfi, an ɗaure ta da galan wofi, yadda ko jirgi ya kife za ta taso sama.

"Wata huɗu ke nan da na kwashe su," ta ce. "Akwati abu ne da mutum ɗaya zai iya saukewa, Baba. In kuma jirgi ya kife, ya tafi ƙasa da komai a lokaci guda."

"To me ke cikin nawa?"

"Dalmar raga. Don nauyi." Muryarta ta yi ƙasa. "Na ga kana jin daɗi in ka ga ana loda shi."

Masunta sun riga sun taru. Kawu, da ya ga kamar wutar ta kauce daga kansa, sai baki ya buɗe: "Yaya, sau biyu sifanar nan na suɓuce mata ta faɗa ruwa. Sau biyu! Ta jawo ta da zare kamar kifi. Ni da na yi shekara ashirin ina zagin zaren nan, yau har addu'a na yi masa."

Aka kwashe da dariya. Mai Zare bai yi ba. Ya dafa gefen jirgin ya kama zaren sifanar, ya juya ƙullin a yatsunsa. Nasa ne, irin wanda ya koya mata tana 'yar shekara bakwai, sai dai ta ƙara masa zagaye ɗaya. Ya ja da ƙarfi, ko motsi ƙullin bai yi ba. Wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga share ido yana cewa iska ce.

Ya juya ga taron, ya ɗaga murya yadda har masu awon kifi za su ji. "Kun gan ta? 'Yata ce. Shekara arba'in ina ɗaukar akwatin nan, wannan dabarar ba ta taɓa zo min ba."

"Baba, gobe in loda shi?" Auta ta tambaya a hankali.

"Bar shi a rumfa," ya ce. "Dama ba ni da kujera."