An Gan Shi Ya Waiwaya

Tun ranar da wata babbar mota ta daki bas ɗinsa ta baya, wuyan direban ya ƙi juyuwa. Ƙashi bai karye ba, hoton asibiti ma bai nuna komai ba, amma da ya yi yunƙurin kallon gefe sai ya ji kamar an soka masa ƙusa daga ƙeya zuwa kafaɗa. Tuƙi ya gagara. In an kira shi daga baya, da jikinsa gaba ɗaya yake juyowa.

Ya sha ƙwayoyi har cikinsa ya soma ƙuna, ya shafa man zafi har matashinsa ya ɗauki wari. A ƙarshe aka tura shi wajen wata likitar gashin ƙashi, matarsa ta raka shi. Ya zaci za a matsa masa wuya ne, sai ga likitar ta ɗauko wani ƙaton tabarau mai kama da akwati ta ɗaura masa a fuska. Ya ce shi ba kallon fim ya kawo shi ba. Ta ce ya yi haƙuri, ya bi tsuntsun da zai gani da kansa, in ya ji zafi ya tsaya.

Ya ga fili kore, ga tsuntsu yana shawagi daga dama zuwa hagu. Ya riƙa binsa yana ƙunƙuni, yana cewa da girmansa an sa shi wasan yara. A ganinsa ɗan motsi kaɗan kansa yake yi. Abin da bai sani ba, an saita na'urar ne ta riƙa nuna masa ƙasa da juyin da yake yi a zahiri. Bai kuma san matarsa ta ɗaga waya tana ɗaukarsa ba.

Kafin su iso gida hoton ya zaga dangi. Ga shi nan a hoton zaune a kujera, haɓarsa ta kusa taɓa kafaɗa, bakinsa na ta mita. Yayarsa ta bugo tana murna, ta ƙare da cewa dama ita ta san shi ne ya sa wa ransa ciwon kawai. Surukinsa ya tambaya yaushe zai koma aiki. Matar kuwa da ta kawo masa abinci sai ta ajiye a gefensa, ta tsaya tana kallo. Ya juyo da kujerar gaba ɗaya, ya ci lomarsa a fusace.

"Wato duk wannan lokacin ƙarya nake yi?"

"Ni ban ce ba, Baban yara. Amma ai ido ya gani."

Ya gwada a ɗaki shi kaɗai, zafin ya tsaya masa a inda ya saba. Takaici ya ishe shi. Ranar komawa asibiti ya tafi ba tare da ita ba, ya tarar da likitar tana goge tabaran, ya sauke mata duk abin da ke cikinsa: ta yaudare shi, ta mayar da shi maƙaryaci a gidansa, yanzu ko nishi ya yi sai a kalli juna.

Ta saurara har ya gama. Ta amsa laifinta na barin a ɗauki hoton. Sannan ta ce, "Baba, ciwonka gaskiya ne. Jikinka ya tsorata tun haɗarin, da ido ya ga an kai wani wuri sai ya saki zafi don ya tsayar da kai. Idon muka ruɗa, shi ya sa ya bari ka wuce."

Ya ce to ta kira matarsa ta maimaita mata, kalma da kalma. Ta kira a gabansa. Matar ta ce ta ji.

Ya ci gaba da zuwa, yana zuwa yana mita. A hankali ɓangaren dama ya saki, na hagu ya tsaya a rabi, in gari ya yi sanyi ma sai ya koma baya. Tuƙin bas dai bai koma ba. Kamfanin ya ba shi kujera a tasha yana tsara fitar motoci. Dangi har yanzu wasu na cewa ya warke yana ɓoyewa, shi kuma ya gaji da bayani, in suka fara sai ya tashi ya bar musu ɗakin.