Mace ta Goma Sha Ɗaya

Tawadar dangwale ba ta gama bushewa a babban yatsan Inna Adama ba ta fara mita.

"Shekarata sittin da biyar ina ba da labari a garin nan, ba wanda ya taɓa sa ni dangwala hannu sai ke," ta ce, tana goge yatsan a gefen tabarma. "Sake faɗa mini abin da na sa wa hannu."

Suwaiba ta sake faɗa, karo na uku. Ɗalibar jami'a ce, tana binciken digiri na biyu a kan matan da rikicin Jos ya raba da unguwanninsu. Za ta naɗi muryar Inna a waya, ta rubuta, amma ba za ta sa sunanta ba, lamba za ta ba ta. Kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai shiga kunnen kowace daga cikin matan da take hira da su ba. Malaminta, Dokta Mwadkon, ya nanata musu wannan ƙa'ida har ko daga barci aka tashe su za su iya kawo ta.

"Lamba, sai ka ce keke-napep," in ji Inna. "Ni ce ta nawa?"

"Ta ashirin da uku, Inna."

"To, madalla. Kunna abin naki."

Yayyafi yake yi a kan kwanon ɗakin, daga can kasuwar katako ta Laranto kuma ana jin kukan injin yanka. Inna ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta, ta soma. Shekara goma sha huɗu suka yi a gidan haya a Nasarawa Gwom, ita da mijinta Usumanu kafinta da 'ya'yansu mata biyu. Ranar da gari ya rikice Usumanu ya fita shago da sassafe. Kafin hantsi hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Maƙwabciyarta Kirista, wadda ƙofarsu ke kallon juna, ta fizgo ta da yaran, ta cusa su ƙarƙashin gadonta, ta jawo buhun acca ta tare su. Washegari ta ɗaura wa Inna zanen zumuntar matan cocinsu, ta riƙe mata hannu har shingen sojoji. Usumanu kuwa, bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa a bakin lungunsu.

Tun daga buhun acca biron Suwaiba ya tsaya. Ta san gadon nan. Ta san shi daga sama, don wadda ta zauna a kansa ta riga ta ba ta labarinsa.

Mako uku ke nan da ta je Daɗin Kowa wajen mace ta goma sha ɗaya, wata tsohuwar malamar firamare mai suna Pauline. Ita ma ta faɗi gadon, ta faɗi accar da zanen. Daga nan ta ce a kashe waya, ta faɗi ragowar tana kallon ƙasa. Da la'asar ɗin ranar wani ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, biyu sannan ɗaya, yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Ta gane muryar Usumanu. A bakin lungu akwai samari da adduna, in ta buɗe za su ga inda ya shiga. Ta tsaya da hannu a kan sakata, ba ta zare ba, har ƙwanƙwasar ta daina.

"Matan shi yana ƙarƙashin gado na, yana min godiya," Pauline ta ce da irin Hausarta, hawaye na bin fuskarta. "Shi ya sa na tashi, ban ba kowa adireshi ba. Har yau in an buga ƙofa, jiki na yana rawa. Abeg, yarinya na, kar ki gaya ma kowa."

Suwaiba ta yi mata alkawari, ta kuma cika shi. Ko a littafinta ba ta rubuta ba.

Yanzu ga Inna Adama ta miƙe da ƙyar, ta buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe, ta zaro zane daga can ƙasa. Ƙanshin kafur ya cika ɗakin. Zanen ya koɗe a wuraren ninki, amma rubutun cocin yana nan raɗau.

"Shekara goma sha biyar ina ajiye da kayan mutane," ta ce. "Na sa an tambaya a kasuwar Taminus, na sa an tambaya a tasha, shiru. Ke kuwa aikinki ke nan, shiga gidajensu. Pauline sunanta, doguwa ce, mai wushirya. Kin gamu da ita?"

Suwaiba ta dubi takardar da ke kan cinyarta, ta ji haushinta ya kama ta, haushi na gaske. Kalma ɗaya tak za ta furta, gobe war haka tsofaffin nan biyu suna zaune a tabarma ɗaya. Amma in ta ce e, ta damƙa Pauline a hannun mutumiyar da take guje wa tsawon shekara goma sha biyar. In kuma ta ce a'a, ta shirga wa tsohuwa ƙarya a cikin ɗakinta. Ita da ta zo neman amsoshi, ga shi tambaya guda ta ɗaure ta tamau.

"Inna," ta ce, "ba ni da izinin faɗin wadda na gani ko wadda ban gani ba. Ke ma in wata ta tambaye ni ke, haka zan ce mata."

Inna ta zuba mata ido har sai da Suwaiba ta sunkuyar da kai.

"Wato ko kin gan ta ba za ki faɗa ba."

"Ko ban gan ta ba ma, Inna."

"Uhm." Ta koma ta zauna, zanen a kan cinyarta, tana shafa shi. "Abin naki yana ji har yanzu? Bar shi ya ji. Akwai abin da na tsallake."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Da la'asar an ƙwanƙwasa ƙofar nan. Biyu, sannan ɗaya. 'Yar nan, shekara goma sha huɗu da wannan ƙwanƙwasar mijina yake dawowa gida, ta yaya zan kasa gane ta? Ta gefen buhu ina hangen ƙafafun Pauline a bakin ƙofa. Na kuma ji hayaniyar mutanen da ke lungu. Sai na toshe bakin ƙaramar 'yata da tafin hannuna, saboda ita ma ta gane babanta ne, ina roƙon Allah a zuciyata kada matar nan ta buɗe. Ni, matarsa. Da ta zare sakatar nan, da mu biyar za a kwasa."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Ko 'ya'yana ban taɓa gaya musu ba. Amma ita na san ta, ba ta iya ajiye abu a ƙasa. Tana can tana zaton ita kaɗai ta ji. Ina so ta sani mu biyu muka ƙi buɗewa."

Suwaiba ta kashe wayar. Tausayinsu duka biyun ya cika mata ƙirji, har ta ji tsoron in ta buɗe baki abin da ta riƙe zai zubo.

"Inna, takardar da kika dangwala ta hana ni fita da maganarki daga ɗakin nan. Sai in ke kika sake ni."

"Maganar tawa ce ko ta jami'a?"

"Taki ce."

"To, na sake ki. Kuma da sunana, ba da lamba ba." Ta ninke zanen, ta saka a baƙar leda, ta ɗora a kan takardun Suwaiba. "Ban tambaye ki komai ba, ke ma ba ki gaya mini komai ba. In yawonki bai kai ki wajenta ba, ki dawo mini da shi."

Da ta fito bakin titi ta kira Dokta Mwadkon, ta gaya masa wata tsohuwa ta ba ta saƙo zuwa ga wata da ta riga ta yi hira da ita, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

"Abin da aka ba ki ki kai, kina iya kaiwa," ya ce. "Amma ki fara tambayar ta ko tana son ji. In ta ce a'a, ki juya. Kuma ba ki da ikon komawa Laranto da ko kalma ɗaya, sai wadda ta ba ki da bakinta. Ki sani tana iya cewa a cire ta daga binciken gaba ɗaya."

"Na sani, Dokta."

Washegari da hantsi ta sauka a Daɗin Kowa. Ba ta ɗauko takarda ba, ba ta ɗauko biro ba, baƙar ledar kawai ce a hannunta. Ta bi ta gefen katangar kyarana har ƙofar gidan mai koren fenti. Daga ciki ana jin motsin tsintsiya.

Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta tuna, ta sauke shi. Ta matso da bakinta kusa da ƙofar.

"Mama Pauline," ta kira a hankali. "Suwaiba ce. Na zo da saƙo, in kina so ki ji."

Tsintsiyar ta tsaya. Suwaiba ta rungume ledar a ƙirji, tana sauraron sakata.